Naɗi Ɗari Tara a Keken Ɗinki

Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, Dominic ya bugo wa Winifred waya ya ce ranar Asabar zai zo da mota. Ƙanin mijinta ne, kuma shi ne babba a gidansu tun da mijin nata Cornelius ya rasu. Wata uku ke nan da binne Cornelius a ƙauye, dangi kuma sun zauna sun yanke magana. Za a kwashe kayan mamaci a kai gida a raba wa 'yan'uwa kamar yadda aka saba, ita kuma ta saki ɗakuna biyun da suke haya a Hayin Dogo ta koma Jos wurin 'yarsu Ƙauna.

"Matar Yaya, tufafinsa da takalmansa ki ɗaure su wuri ɗaya," in ji Dominic. "Shirgin ƙaramin ɗaki kuwa kada ki wahalar da kanki. Zan kira 'yan gwangwani su ɗora a sikeli su tafi da shi."

"Wane shirgi?"

"Wayoyin nan mana. Abin da ya ƙare ƙarfinsa a kai, bai ga komai ba."

Ta ce to. Ta ajiye wayar a kan keken ɗinkinta, ta daɗe tana kallon ƙofar ƙaramin ɗakin, wadda ba ta buɗe ba tun watan Mayu.

Shekara talatin da biyu Cornelius ya yi yana gyaran na'urorin ɗakin gwaji a jami'a. Da ya yi ritaya bai bi sauran tsofaffi zaman majalisa a bakin kasuwar Samaru ba. Sai ya mai da ƙaramin ɗaki wurin aiki, ya ce zai haɗa wani abu da ake kira koyil ɗin Tesla. Bututun roba ne irin na masu aikin famfo, tsawon kamu ɗaya, a naɗe shi da jar waya siririya kamar gashi. A gindinsa wata waya mai kauri ta zagaye shi sau huɗu. Gefe kuma ga ɗan allo, da baƙin taransisto a kai wanda bai wuce girman farcen babban yatsa ba. Ya ce babu inji a ciki, babu abin da ke juyawa, taransiston nan ne ke ɗauke wuta yana mayarwa da saurin da ido ba ya gani. In abin ya tashi, ƙwan fitila zai kama a hannun mutum ba tare da an jona shi da komai ba. Har ma ƙwan da ya riga ya mutu. Saboda haka ya bi maƙwabta yana karɓar matattun ƙwayayen nan masu murɗaɗɗen gilashi, ya cika leda guda.

"Baban Ƙauna," takan ce masa, "ka fara gyara mana fitilar bayi tukuna, sannan mu yi maganar mai kamawa babu waya."

Shi kuma sai ya yi dariya ya ce, "A hannunki zai fara kamawa, Wini. Ranar za mu ga bakin nan naki."

Sau uku yana haɗawa abin na ƙin tashi, duk a kan ƙananan bututu. Na huɗun ne ya ce ya gano inda kuskuren yake. Ya ari tsohon kekenta na hannu, ya cire allura, ya ɗaure bututun a jikin ƙafar da ake juyawa, don wayar ta riƙa hawa daidai. Ranar Talatar nan ta ƙarshe tana falo tana fama da ankon Zumuntar Mata, riga goma sha ɗaya, ya kira ta.

"Wini, zo ki riƙe min wayar nan."

"Ina zuwa."

Can ya sake kira. Ta sake cewa tana zuwa, ƙafarta ba ta bar kan keke ba. Kira na uku bai zo ba, ƙarar faɗuwar kujera ta ji. Ta same shi a ƙasa, bakinsa ya karkace, bututun ya gangara ƙarƙashin tebur, wayar ta warware ta cukurkuɗe a ƙafarsa. Kwana biyu ya yi a asibiti, bai sake magana ba.

Wannan ce ta sa ranar Litinin da sassafe ta buɗe ɗakin. Ba ta gaya wa kowa ba, ko Ƙauna. Abin da take so ɗaya ne, ta ga ƙwan nan ya kama kafin Asabar, ta san ko gaskiya ya faɗa mata.

Littafinsa na nan a kan tebur. Winifred a aji huɗu na firamare ta tsaya, Turancin da ke ciki ya fi ƙarfinta, amma lamba da zane aikinta ne, da su take yanka atamfa shekara talatin. A shafin ƙarshe ya zana bututun ya rubuta 900 a gefensa. Ya zana waya mai kauri ya rubuta 4. Ya ja layi daga gindin bututun zuwa wani ƙaramin sukuru a jikin allon. Ta duba allon ta ga ya gama shi, mai kaurin ma tana naɗe a mazauninta, an ɗaure bakinta biyu da sukuru. Naɗin siririyar ne kawai ya rage.

Ta sa almakashi ta yanke wadda ta cukurkuɗe, ta goge bututun tas, ta mayar da shi jikin keken yadda ta ga alamar ɗaurinsa. Akwai sauran waya da yawa a kan ƙwaryar da ya saya. Ta ɗauko gwangwanin maɓallai, duk naɗi ɗari ta jefa maɓalli ɗaya a faranti. Hannun dama na juya keke, na hagu na riƙe da waya, kowane zagaye ya kwanta jikin ɗan'uwansa, kada ya hau kansa kada ya bar tazara. Aikin mutum biyu ne. Ta gane haka tun kafin maɓalli na farko ya faɗa faranti. Wayar ta tsaga mata yatsa, ta naɗe shi da ƙyalle ta ci gaba. Sau biyu tana ɓata lissafi, ta sa tsinin allura tana ƙirga zagayen ɗaya bayan ɗaya daga inda ta yi alama.

Damina ta yi nisa, ruwa na sauka a kan kwano ba ƙaƙƙautawa. Ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Masu zuwa gaisuwa sun daina tun wata na biyu, masu kawo ɗinki kuma sun ji za ta tashi, sun koma wurin wasu teloli. Ranar Talata da azahar maɓalli na tara ya faɗa faranti. Ta shafe naɗin da man katakon da ya bari a kwalba, ta kafa bututun nesa kaɗan da murhun gawayi don sanyin marka ya hana shi bushewa.

Ranar Laraba da la'asar aka kawo wuta. Ta kankare bakin wayar da reza yadda ta sha ganin yana yi, ta ɗaure a sukurun da zanen ya nuna da ƙaramin sukudireban kekenta. Ta rataya zannuwa biyu a taga, ɗakin ya yi duhu. Ta jona tsohuwar cajar kwamfutar Ƙauna, wadda da ita yake ba abin wuta. Ta ɗauki ƙwai ɗaya daga leda, ta danna makunni, ta miƙa hannu.

Babu komai. Ta matsar da ƙwan har ya kusa taɓa bututun. Ta canza wani ƙwan. Sai ta ji ƙauri, irin na roba a wuta, ta ga ɗan hayaƙi na tashi daga taransiston. Ta fizge cajar daga bango. Ta zauna a kujerarsa, ƙwan a cinyarta, har aka ɗauke wutar ba ta tashi ba.

Washegari ta kwance allon ta naɗe shi a ɗankwali, ta sa a jaka tare da littafin. Ta hau bas daga Samaru, ta wuce Kwangila da PZ, ta sauka a bakin kasuwar Sabon Gari. A bangon littafin ya rubuta suna ɗaya, Folasade, da layin masu kayan rediyo. Sai da ta yi tambaya sau uku kafin ta sami shagon. Wata dattijuwar Bayarabiya ce da tabarau a kan hanci, tana zaune tsakanin ɗaruruwan ƙananan aljihunan roba.

"Sannu da aiki, Iya. Ni ce matar Cornelius na Samaru."

Matar ta cire tabarau. "Oga Koni? Ke ce Madam ɗin? Kai, sannu. Na ji labari a makare, wallahi da na zo. Zauna, zauna nan. Yaya haƙuri?"

"Da godiya."

"Ke ce mai cewa ya gyara fitilar bayi."

Winifred ta sunkuyar da kai. "Har wannan ya gaya miki?"

"Kullum. Yana faɗi yana dariya. Ya ce duk Zariya babu mai baki irin na matarsa."

Winifred ta kwance ɗankwalin ta ba ta labari. Folasade ta ɗora mitarta a kan ƙafafun taransiston ta girgiza kai. "Wannan ya tafi. Mijinki ya kashe min irinsa sun fi goma, ke ɗaya kika kashe, ba ki yi komai ba tukuna." Ta jawo wani daga aljihu, ta zafafa ƙarfen dalma, ta cire tsohon ta dasa sabon da hannunta.

"To me ya hana shi tashi, Iya?"

"Madam, ni kaya nake sayarwa. Rediyo na sani, fanka na sani. Wannan abin nasa shi kaɗai ya san kansa. Allon dai lafiya yake, aikinsa mai tsabta ne. Amma in kin kunna kin ji ƙarfen nan na bayansa ya yi zafi kuma babu komai, ki kashe da sauri. Kada ki tsaya kina jira. Wannan ne na ƙarshe da nake da shi, sai wani mako kaya za su iso daga Legas."

"Ba ni da wani mako."

Folasade ta dube ta. Ta naɗe allon a ɗankwalin ta miƙa mata da hannu biyu. "Ke kam kin karɓa da dama. Shekara goma sha shida ina faɗa da mutumin nan a kan hannun hagu. Ya miƙo da hagu, ya karɓa da hagu. Na ce Oga Koni, a garinmu da ka sha rankwashi. Ya ce a nasu garin ma ya sha, bai daina ba. Har sukuru in zai kwance sai ka ga kamar ɗaurewa yake."

Winifred ta yi dariya, karo na farko a cikin wata uku, dariyar kuma ba ta yi nisa ba ta koma wani abu. Folasade ta ba ta ruwan leda ta jira har ta share fuska.

A bas ɗin komawa ruwa ya tsuge tun daga Kwangila. Tana zaune a gefen taga da jaka a ƙirji, maganar hannun hagu ta ƙi barin ta. Da ta isa gida ba ta cire jiƙaƙƙen zane ba ta wuce ƙaramin ɗaki ta tsaya a gaban keken hannun. Duk tela ya san ƙafar keke wajen ƙirjinka ake juyo ta, in ka tura ta baya zare ya harɗe. Hannunta bai san wata hanya ba bayan wannan. Cornelius kuwa, duk lokacin da ya taɓa mata keke sai sun yi faɗa. Yakan zagaya ta ɗaya gefen ya kama da hagu ya yi ta turawa baya. Ranar da ya ari keken ma ta leƙo ta ce masa zai lalata mata shi, ya ce ai babu zare a ciki.

Ta jawo kwalin da ya zuba ƙananan bututu ukun da suka ƙi tashi. Ta ɗauki ɗaya ta kafa shi kusa da nata, ta kawo fuska dab. A nasa, wayar ta taso daga gindi ta bi ta hagu tana hawa. A nata ta bi ta dama. Ta duba na biyu, ta duba na uku. Duka hagu. Ta duba mai kaurin nan da ya naɗe sau huɗu, wadda ya shirya don ta zauna da naɗinsa. Ashe nata naɗin a juye ta yi shi.

Ta zauna a ƙasa. Naɗi ɗari tara, kwana biyu, man katako ya riga ya kama shi kamar dutse. Wayar da ta rage a ƙwarya ba ta kai rabi ba. Gobe Juma'a.

Ƙauna ta bugo da magariba tana tambayar ko an gama ɗaure kaya. "Mama, muryarki wani iri. Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Me kika ci?"

"Ke ce uwata yanzu? Na ce na ci."

Da gari ya waye ta fara ɗaure tufafinsa, tun da aikin ba zai yi kansa ba. Ta ninke wandunansa, da rigunan coci, da tsohuwar farar rigar aiki. A cikinsu ta ci karo da wata rigar shadda da ta ɗinka masa shekarar da aka yi wa Ƙauna baftisma, tun tana koyo. Ta tuna ta dasa hannun rigar a baibai, ta zauna tana kuka za ta farke rigar duka, matar da ke koya mata ta ce ita rigar me ta yi miki, cire hannun ki juya shi. Winifred ta tsaya da rigar a hannu. Sannan ta ajiye ta ta nufi ƙaramin ɗaki.

Mai kaurin zagaye huɗu ce kawai. Ta kwance sukuru biyun, ta lura da wane baki ke sama wane ke ƙasa, ta ɗaura wa na saman jan zare don kada ta rikice. Ta warware wayar, ta miƙar da ita a gwiwa, ta sake naɗa ta ta ɗaya gefen. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta mayar da kowane baki sukurunsa, ta mayar da allon mazauninsa ta ɗaure masa bakin siririyar. Ba ta sani ba ko daidai ta yi. Ba ta da wanda za ta tambaya, taransisto kuma ɗaya ne.

Sai jiran wuta. Ta bar makunnin fankar falo a kunne don ta ji. Ta ɗaure takalmansa, ta wanke tukwane ta jera a buhu, ta cire hoton aurensu daga bango. Aka yi kiran sallar Juma'a, layin ya yi tsit, aka sauko, layin ya sake cika. Azahar ta wuce. Ta dafa shayi ta bar shi ya huce. Wajen ƙarfe biyar saura, fankar ta yi ƙara ta fara juyawa.

Ta shiga ta ja ƙofa. Zannuwan na nan a taga. Ta jona caja, ta ɗora yatsan hagu a kan ƙarfen bayan taransiston yadda za ta ji zafi da wuri, sannan ta danna makunnin.

Wani ɗan sauti ya fara, siriri, kamar na sauro. A can saman bututun, inda bakin wayar ya tsaya a tsaye, wani ɗan haske ruwan shuni ya tsiro, bai fi ƙwayar gero ba, yana rawa. Ƙarfen da ɗumi kawai. Ta janye yatsan, ta laluba leda ta ɗauko ƙwai. Na gidan maƙwabta ne, gindinsa ya yi baƙi, ya fi shekara da mutuwa. Ta miƙa shi a hankali. Saura tazarar tafin hannu ya kai bututun, gilashin ya yi fari. Ta ƙara matsawa, ya kama gaba ɗaya, tun daga gindi har murɗin ƙarshe, a cikin yatsunta, babu waya babu komai. Ta ga tebur, ta ga littafinsa, ta ga tabaransa a inda ya ajiye, ta ga ƙyallen da ke yatsanta.

"Baban Ƙauna," ta ce, "zo ka gani."

Ta faɗe shi yadda ta saba faɗa in ɗinki ya yi mata kyau, fuskarta wajen ƙofa. Fanka na juyawa a falo. Ta tsaya haka, hannu a miƙe, har kafaɗarta ta fara ciwo. Ta janye ƙwan ya mutu, ta mayar ya kama. Ta gwada na biyu, ta gwada na uku. Tana kan na bakwai aka ɗauke wuta.

Ranar Asabar Dominic ya iso da hantsi da a-kori-kura da direba. Babu wuta tun jiya. Aka fitar da gado, da kujeru, da ƙullin tufafi. Mai gwangwani ya zo da kurarsa ya kwashe tsofaffin rediyo da guntayen wayoyi da ƙananan bututu ukun. Da ya miƙa hannu wajen babban, Winifred ta riga shi.

"Wannan ba ya ciki."

"Matar Yaya, me za ki yi da shi a Jos?" in ji Dominic. "Ɗakin Ƙauna ba shi da faɗi."

"Ya tashi."

"Me ya tashi?"

"Abin. Jiya da yamma. Ƙwai ya kama a hannuna."

Dominic ya dubi direba, ya dubi fankar da ke tsaye, ya sassauta murya. "To, Allah ya ji ƙan Yaya. Kin daɗe ke kaɗai a gidan nan, shi ya sa muka ce ki koma wurin yarinya."

Ta buɗe baki za ta yi masa bayanin hagu da dama, sai ta fasa. Ta sauke zane ɗaya daga taga ta naɗe bututun da allon, ta sa littafin da cajar a jaka, ta zaɓi ƙwai biyu daga leda ta ƙunshe su a rigar shaddar, wadda ta riga ta zare daga ƙullin dangi. Dominic ya gani, ya juya wajen mota.

Ta kulle ƙofa ta kai wa mai gidan makulli. A gaban mota aka ba ta wuri, tsakanin direba da Dominic. Direban ya ce ta kawo ƙunshin a sa a baya, ta ce a'a, zai karye. Ta riƙe shi a tsaye a cinyarta da hannu biyu, motar ta fita daga Hayin Dogo ta hau kwalta.